Lissafi Kaɗai Ba Ya Ciniki a Wall Street

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 wata magana take yawo a tsakanin ɗaliban lissafi masu burin aiki a kamfanonin cinikin hannun jari na New York da Landan: wai an daina wahalar koyon rubuta manhaja, mutum ya iya lissafinsa kawai, na'ura ta ƙarasa masa sauran. Masu faɗin haka ba su san ta inda kuɗi ke zurarewa a wannan sana'a ba.

A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital ya tafka asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, kuma ba lissafi ne ya kayar da shi ba. An ɗora sabuwar manhaja a manyan kwamfutoci bakwai, aka manta ta takwas, ita kuwa tana ɗauke da wani tsohon umarni da aka yi shekaru ba a amfani da shi. Ana buɗe kasuwa ya farka, ya shiga aika odar saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Garin gyara ma'aikata suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, ɓarnar ta ƙaru. Tamkar direban tirela ne da ya haddace hanya amma bai san inda birki yake ba.

Za a ce ai Jim Simons, wanda ya kafa Renaissance Technologies, malamin lissafi ne. Haka ne. Amma a 1993 sai da ya ɗauko Peter Brown da Robert Mercer daga IBM, ƙwararru a manhajar gane muryar ɗan Adam, kuma su ya miƙa wa ragamar kamfanin da ya yi ritaya. Za a kuma ce ƙirƙirarriyar basira tana rubuta manhaja da harshen Python cikin daƙiƙoƙi. Tana rubutawa. Sai dai kuskuren da ya fi haɗari a nan shi ne wanda ba ya nuna kansa: manhajar da ke gwada dabarar ciniki a kan farashin shekarun baya tana iya leƙen farashin gobe ba tare da kowa ya lura ba, ta nuna riba mai tsoka, a zuba kuɗin gaske su narke. Wanda bai iya bin manhaja layi-layi ba, ba zai kama wannan ba. Shi ya sa kamfanin ciniki na Jane Street ya riƙe OCaml, harshen da ke tsayar da kurakurai da yawa tun kafin manhaja ta fara aiki, masu cinikin gaggawa kuma suke neman gwanayen C++ ruwa a jallo.

Abin takaici a batun Knight shi ne, kafin buɗe kasuwa kwamfutocin sun aika saƙonni 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauki mataki. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12 a 2013, kuɗin da ko kusa bai kai girman sakacin ba.