Homosistin: Kada Ka Ƙaurace wa Nama, Kada Kuma Ka Dogara da Ƙwaya

Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa a Kumasi ko Duwala ya san yadda cin abincin ɗan kasuwa yake. Da safe shayi da burodi, da rana abin da ya samu a bakin shago, da dare kuma tsire. A haka ake shekaru, sai wata rana hawan jini ya kai mutum asibiti, likita ya ce wani abu wai shi homosistin ya yi yawa a jininsa.

To mene ne shi? Sinadari ne da jiki ke samarwa idan yana sarrafa furotin na abinci. Bitamin uku ne ke rage shi: folet, B12 da B6. Idan suka yi ƙaranci, ko ƙoda ta yi rauni, sai ya taru. Yawanci idan ya haura 15 a ma'aunin gwajin jini, ana cewa ya yi sama. Tun 1969 wani likita ɗan Amurka, Kilmer McCully, ya alaƙanta shi da lalacewar jijiyoyin jini, kuma masu yawansa sun fi fuskantar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Da jin an ce furotin, wasu sai su yi sallama da nama baki ɗaya. Kuskure ne. B12 a abincin dabba ake samunsa: hanta, kifi, nama, ƙwai da nono. Shi ya sa waɗanda ba sa cin ko ɗaya daga ciki sukan fi masu ci yawan homosistin. Abin da babba ke buƙata a rana bai wuce maikurogiram 2.4 ba, ƙaramin gwangwanin sadin ma ya wadatar. Nama dai a ci daidai, a rage kitse, kifi kuma ya shigo sau biyu a mako.

Shi kuwa folet yana cikin ganye da wake: zogale, alayyafo, lalo, gyaɗa. A nan baƙunci bai cuce mu ba. Wanda ke Gana ga waakye, wato shinkafa da wakenmu, a ɗora masa ƙwai da kifi, ga miyar kontomire. Na Kamaru ga ndole, ganye da gyaɗa a tukunya ɗaya. Sai dai uwargida ki lura, doguwar dahuwa tana kashe folet. Ganye a zuba shi daf da saukewa.

Maganar ƙwayoyin bitamin fa? Suna sauke homosistin, gaskiya ne. Amma manyan binciken da aka fitar a 2006 sun nuna saukar tasa ba ta rage bugun zuciya ba. Inda aka ga amfani shi ne Sin: a 2015, cikin masu hawan jini fiye da 20,000, waɗanda aka haɗa wa folik asid da maganin hawan jini sun samu raguwar shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 21 cikin ɗari. Wato ƙwaya ba ta maye gurbin maganin hawan jini, ba ta goge illar sigari.

Ga wani haɗari kuma. Shan folik asid shi kaɗai yana iya ɓoye ƙarancin B12, jini ya gyaru alhali jijiyoyi na lalacewa. Tsofaffi, da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin, da masu shan omeprazole kullum saboda gyambon ciki, su nemi gwajin B12, musamman idan tafin ƙafa ya fara yin kamar ana tsira allura. Mace mai shirin ɗaukar ciki kuwa ta fara folik asid maikurogiram 400 tun da wuri, ta kuma bar hanta saboda yawan bitamin A.

Alhaji, kafin ka sayi kwalbar bitamin a tasha, fara duba kwanon abincinka. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nema.