Durɓi Ta Kusheyi, Makwancin Sarakunan Dā

Mil 20 gabas da birnin Katsina, cikin ƙasar Mani, akwai wani tsohon wuri da a ke kira Durɓi ta Kusheyi. Masu tarihi sun ce nan ne mazaunin Durɓawa, zuriyar Kumayau, waɗanda su ka mulki ƙasar kafin Muhammadu Korau ya karɓe sarauta daga Sanau, ya zama Sarkin Katsina na farko Musulmi.

Darajar wurin ga mutanen dā ta addini ce. Tudun ƙasa su ka riƙa tarawa a kan kushewar manyansu, su na girmama manyan kukokin da ke kewaye da ita, kamar Kukar Katsi. Da Musulunci ya kafu, sai martaba ta koma Birni, ga malamai da masallacin Gobarau, har Shehu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha.

A 1907 Mista Palmer ya haƙa waɗansu kusheyin da yardar Sarki Muhammadu Dikko. A 1959 Gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin da doka ta tsare. A 1992 kuma masana daga Jamus su ka haƙa uku, su ka tarar da 'yan kunne na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da tasoshin tagulla, har da irin ƙirar Masar. Wato tun wajen ƙarni na 14 fataken ƙasar nan na hulɗa da Gabas ta hanyar Hamada.

To, jama'a, abin lura shi ne ba Mani kaɗai ke da kufai ba. A ƙasar Batsari akwai Ruma, tsohon gari mai suna, a Safana kuwa akwai kufai da duwatsun da tsofaffi su ka san labarinsu. Garma na cin ganuwa, dattawa na ƙaura. Mu na roƙon malaman makaranta da akawuna su zauna da tsofaffin, su rubuta abin da su ka ji da sunan wurin, in kuwa manomi ya tono wani abu, a kai wa Hakimi, kada a sayar. Allah ya sa mu gane, amin.