Lasisin Kasuwanci Da Tsuntsayen Fadama A Ƙasar Daura

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san manomi ba ya jiran sanarwar rediyo kafin ya fara sharar gona. Da zarar an ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kukar bakin gari, tana ɗauko ƙirare tana gyara tsohuwar sheƙarta, an san damina ta ƙarato. Ba tsoron hukuma ke hana yaro harbinta da danƙo ba. Tun yana ƙarami aka gaya masa baƙuwa ce, baƙo kuwa ba a taɓa shi. Haka take zuwa kowace shekara daga kudancin Afirka inda take cin rani, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta cinye mana fara da tsutsa, ta koma.

To amma a tambayi ɗalibin sakandare a Baure ko Zango ko Sandamu, ya taɓa ganin gauraka a daji? Wannan tsuntsu mai dogon wuya da tukku kamar zinariya shi ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma masana sun daɗe suna cewa ya kusa ƙarewa ƙaf a dazuzzukanmu. Mafi yawan waɗanda suka san shi a farfajiyar gidan wani mai hali suka gan shi, an datse masa fiffike yana zagaya tsakanin motoci. Ƙungiyar IUCN, mai ajiye kundin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi cikin jerin masu rauni, kuma a 2019 taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Janiba ya mayar da shi sahun farko, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Me ya raba makomar waɗannan tsuntsaye biyu? Shamuwa a cikin gari take sheƙa, bisa itacen da kowa ke gani, al'ada ta kare ta. Gauraka kuwa a ƙasa yake sheƙa, cikin ciyawar fadama da ruwan damina ya kwanta a kanta. Idan aka janye ruwan, ko aka nome ciyawar, ko aka cika wurin da hayaniya a watannin da yake kwanci, shi ke nan, shekarar ta tafi a banza. Ɗan abin da ya ƙyanƙyashe kuma masu kamu su kwashe su kai kasuwa. Zalɓe da jinjimi da kekuwa da sauran masu dogayen ƙafafu duk rayuwarsu ta rataya ne a kan wannan ɗan gefen ruwa mai laka, wanda bai kai zurfin gwiwa ba. Shi ya sa maganar tsuntsayen nan ta zama maganar wa ke ba da izinin taɓa fadama, da kuma abin da yake tambaya kafin ya sa hannu.

Doka dai akwai ta. Bayan abin kunyar Koko na 1988, lokacin da aka jibge gubar masana'antu daga Italiya a tsohuwar Jihar Bendel, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, sannan a 1992 ta fito da Doka ta 86, wadda ta wajabta auna illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke ba da wannan amincewa, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma ita ke da alhakin tabbatar da bin ƙa'ida. Ana baje rahoton binciken na tsawon kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu.

Sai dai wanda ya karanta jadawalin ayyukan da dokar ta ce tilas a yi musu cikakken bincike zai ga da babban mudu aka yi awon. Madatsar ruwa sai faɗinta ya kai hekta 200. Janye ruwan fadama ko share mazaunin namun daji sai ya kai hekta 100. Shirin noman rani sai ya kai hekta 5,000. Tarar da aka tanadar wa kamfanin da ya karya dokar kuwa daga naira 50,000 ce zuwa naira miliyan ɗaya, kuɗin da a 1992 suna da nauyi, amma yau ba su sayen tayoyin tifa guda.

Manyan ayyuka suna shiga wannan raga. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, kuma sabon layin dogo yana cikin abubuwan da dokar ta ambata da suna. Irin wannan aiki yana da injiniyoyi, yana da masu ba da rance da ke neman rahoto, yana da takardun da mai bincike zai iya nema. Damuwata ba a nan ta fi yawa ba.

Ɓarnar da ke cin fadamun ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, a cokali a cokali take zuwa. Tifa biyar na ɗibar yashi a gindin rafi. Mai buga bulo ya kafa injinsa a bakin tafki domin ruwa ya yi masa kusa. An yanka filaye a kan hanyar ruwa, an ciko da jar ƙasa an gina gidan mai. Mai lambu ya wanke tankin feshi a inda ƙwari da 'yan kifi ke haihuwa. Wani kuma har yanzu yana zuba guba a ruwa don kama kifi, abin da aka sani tun zamanin Gamalin. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai hekta 100, amma a haɗa su cikin shekara goma a ga abin da ya rage.

Da yawansu kuma suna riƙe da takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon filayen birni, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Yashi da tsakuwa suna ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007, izininsu daga Abuja yake fitowa. Gidan mai yana da tasa hukumar, maganin feshi NAFDAC ke yi masa rajista, ruwan madatsun tarayya a Jihar Katsina kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kowace tana duba ɓangarenta: mallakar fili, kuɗin shiga, lafiyar mai saye. Tafkin kansa, da abin da ke rayuwa a cikinsa, ya faɗa tsakanin tebur da tebur. Na taɓa raka wani ɗan'uwana neman izinin wurin buga bulo a wata sakatariya. An tambaye shi hoto biyu da rasit da shaidar mai unguwa. Ba a tambaye shi inda zai ɗebo yashi ba, balle inda ruwan siminti zai gangara.

Ba sai mun yi nisa wajen neman darasi ba. Maƙwabtanmu na Jigawa da Yobe suna da dausayin Haɗeja da Nguru, ɗaya daga cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa a yankin Sahel, inda aka keɓe Dagona da Baturiya. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka da kyakkyawar niyyar noman rani da ruwan sha ga Kano. Ambaliyar da ke shayar da dausayin kowace damina ta ragu, ruwan da ake saki ba kan lokaci ba kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Masunta da makiyaya da manoman shinkafa su suka fara ji a jikinsu. Kacallar ta zama mafakar jan baki, tsuntsun da ke cinye gero da shinkafa, har ta kai ana yi masa feshi da jirgin sama, maganin kuwa ba ya tantance jan baki da zalɓe. Masana tattalin arziki da suka auna amfanin dausayin a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan ya fi kawo riba idan aka bar shi ya malala a fadama, ta fuskar kifi da itace da amfanin gona, fiye da yadda yake kawowa a manyan gonakin noman rani na sama. Sai dai sakamakon ya zo bayan an gama zuba kankare.

Daura ba ta da dausayi irin na Nguru, kuma ba zan yi da'awar haka ba. Abin da muke da shi madatsu ne kamar Sabke da Daberam, da tafkuna da kududdufai da ke cika da damina su ƙafe kafin bazara. Amma ƙanƙantarsu ita ce darajarsu. Tsuntsun da ya taso daga Turai ko Rasha a watan Satumba, ya ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara ba ci ba sha, ruwan farko da zai tarar a wannan layi namu yake, daga Maraɗi da Damagaram zuwa Daura da Kazaure. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, da ta AEWA mai kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya. Ƙarewar irin waɗannan tsuntsaye kuma ba tatsuniya ba ce. Akwai wani mai siririn lanƙwasasshen baki da ke cin rani a gaɓar Bahar Rum, wanda ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar ya kasance a Maroko a 1995. A 2024 masana suka fitar da binciken da ya nuna ya ƙare a duniya.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da hujja. A jihar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki da matasa marasa aikin yi, wa ke da lokacin zalɓe? Direban tifa iyali yake ciyarwa, mai bulo ya ɗauki yara goma aiki. Duk wanda ya ce a rufe musu sana'a saboda tsuntsu, za a ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ni ma ba rufewa nake kira ba. Amma a lura, yashin da ke kwance a gindin rafi shi ke riƙe ruwan da mai lambu ke haƙa ya samu a watan Maris. Ramin da aka kwashe jar ƙasa aka bari a buɗe shi ne kududdufin da yara ke faɗawa da damina. Gubar da ta kashe kifin da zalɓe ya ci ita ce a ruwan da Bafulatani ke shayar da shanunsa. Tsuntsun ya riga mu gani ne kawai. Idan ya daina zuwa, mai rijiya ya fara shirin ƙara igiyar guga.

Abin da takardar izini ta rasa tambayoyi biyu ne masu sauƙi: a ina, kuma a wane wata? Yawancin tsuntsayen gida da damina suke kwanci, baƙin kuma daga kaka zuwa ƙarshen hunturu suke tare da mu. Lasisin da ya ce a ɗebi yashi a wannan gefe a bar wancan, a bar tazara daga bakin ruwa, a dakatar da injin a makonnin ƙyanƙyasa, a cike rami kafin a saki kuɗin ajiya, bai hana kowa cin abinci ba. Majalisar Dokokin Jihar Katsina na iya sa wannan sharaɗi a kan izinin fili da na gini, waɗanda ke hannun jiha da ƙananan hukumomi, ba tare da jiran Abuja ta gyara dokar 1992 ba.

Wa zai amsa tambayoyin? A nan masarauta ta fi kowane ofis sani. Jami'in da ke Abuja bai san wane tafki ne ke riƙe ruwa har Janairu ba, amma dagaci ya sani, sarkin ruwa ya sani, sarkin noma da arɗon Fulani sun sani. A zamanin En'e ba a sare babban itace sai malamin daji ya gani ya yarda, kuma dattawanmu suna tuna tsoron da ake ji na wannan doka. Tunda har yau ana neman shaidar mai unguwa a kan mallakar fili, me zai hana a nemi ta hakimi a kan cewa wurin ba hanyar ruwa ba ne, ba kuma makwancin tsuntsu ba? Na san sa hannu na iya zama abin sayarwa, kamar yadda wasu filayen makiyaya da burtalai suka salwanta. Maganin wannan shi ne a yi abin a bainar jama'a: a rubuta jerin tafkunan kowace gunduma, a liƙa a ƙofar fadar hakimi, a karanta a rediyo. Haka nan rahoton da ake bajewa kwana 21, wanda ke zuwa da Turancin injiniyoyi a ofishin da manomi ba ya shiga, a taƙaita shi da Hausa a kai shi garin da abin ya shafa.

Kafin duk wannan kuma sai an san abin da ke akwai. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya kowane watan Janairu, kuma ana yin ta a Haɗeja da Nguru tare da gidauniyar kare muhalli ta NCF. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma suna yaye ɗaliban nazarin halittu da ke neman batun kundin kammala karatu kowace shekara, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikin Daura. Madubin hangen nesa biyu, da littafin gane tsuntsaye, da kuɗin mota zuwa Sabke da Daberam sun isa a fara a Janairu mai zuwa, a kuma ajiye kwafin sakamakon a fadar Mai Martaba Sarkin Daura da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, inda mai sa hannu a lasisi zai iya buɗe shi.