FASHIN BAƘI: Yadda kwamfutar cikin mota ke zaɓen kiran da za ta fara amsawa

A cikin motar zamani da injin taimaka wa numfashi na asibiti akwai ƙananan kwamfutoci da ba a gani. Kowannensu yana cikin aikinsa ne sai wani sashe na na'urar ya aiko da kiran gaggawa: an taka birki, ko zafin inji ya haura. Nan take kwamfutar za ta ajiye abin da take yi, ta amsa kiran, sannan ta koma inda ta tsaya. Wannan shi ake kira katsewa.

Matsalar tana tasowa idan wani kira ya shigo alhali ba a gama da na farko ba. Hanya ɗaya ita ce a toshe ƙofa har a kammala, amma hakan na iya jinkirta abin da ba ya jira. Hanya ta biyu ita ce a ba kowane kira matsayi, ta yadda babba zai katse ƙarami, shi ma wanda ya fi shi ya katse shi. Ita ce katsewa cikin katsewa.

Na'urorin Cortex-M3 na kamfanin ARM suna da sashe na musamman domin wannan aiki, mai suna NVIC. A tsarinsa, ƙaramar lamba ce babban matsayi. Duk lokacin da aka katse aiki, na'urar tana adana bayanai guda 8 game da inda aka tsaya a wata ma'ajiya da ake jibga abu bisa abu, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita.

To, ma'ajiyar tana da iyaka. Idan katsewa ta hau katsewa, ayyuka kuma suka yi ta kiran juna fiye da yadda injiniyoyi suka ƙiyasta, sai ta cika ta tumbatsa, ta ɓata bayanan da ke maƙwabtaka da ita. Irin wannan kuskure ba kasafai yake bayyana a gwaji ba, kuma da wuya ya bar sawu.

Wannan batu ya kai gaban kotu a jihar Oklahoma ta Amurka a 2013, kan haɗarin wata Toyota Camry ƙirar 2005 da ya kashe mace ɗaya a 2007. Masanin manhaja Michael Barr, wanda ya binciki manhajar motar, ya shaida cewa ma'ajiyar na iya cika zuwa kashi 94 cikin 100, saɓanin kashi 41 da kamfanin ya lissafa. Toyota ya musanta cewa manhajarsa ce ta jawo haɗarin, kuma binciken injiniyoyin NASA na 2011 bai gano lahanin lantarki da ke sa mota zabura ba. Duk da haka, masu taya alƙali yanke hukunci sun ɗora wa kamfanin diyyar dala miliyan 3, daga bisani aka sasanta.

Abin lura shi ne, sai da shari'a ta kai ga haka kafin masanan masu ƙara su samu duba manhajar, su ma ƙarƙashin sharuɗɗan sirri masu tsauri. Tambayar da ke gaban 'yan majalisa da hukumomin kare masu saye ita ce: wa ke da hurumin duba manhajar da rayuka suka dogara da ita tun kafin a yi asarar rai?