Fukafukan Injin Wutar Teku Da Gwajin Ruwan Gishiri

Tsakanin shekarar 2016 da 2017 aka kafa injuna huɗu a ƙarƙashin teku a mashigin Pentland Firth, can arewacin Sikotilan, cikin aikin da ake kira MeyGen. Kowannensu yana iya ba da megawat 1.5 na wutar lantarki. Abin da ke juya su kuwa shi ne cikar teku da janyewarta, wadda ke faruwa sau biyu a yini bisa ga jan wata. Siffarsu kamar ta injin iska ce, sai dai ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka wahalar da fukafukan ke sha ba kaɗan ba ce. Kamfanin Verdant Power ya ga haka a kogin East River na birnin Niyok, inda ƙarfin ruwa ya karya fukafukan injunan farko da ya kafa a 2006.

Ana yin fukafukan ne da zaren gilashi ko na kabon, wanda ake jiƙawa da wani ƙaro na masana'anta har ya daskare, kamar dai yadda magini ke cuɗa laka da ramno don gini ya yi ƙwari. Ƙaron da aka saba da shi, watau efoksi, halinsa irin na tukunya ne: in an gasa ta, ba ta komawa yumɓu. Saboda haka in fiffike ya tsufa, sai a binne shi ko a ƙone. Hotunan fukafukan injin iska da aka jera a ramin shara na garin Casper a Amurka, waɗanda suka bazu a 2020, sun tayar wa mutane da hankali ƙwarai.

Wannan ne ya sa aka juya ga wani ƙaro dabam mai halin kakin zuma, wanda zafi ke sassauta shi a sake sarrafa shi. Wanda ya fi suna shi ne Elium na kamfanin Arkema na Faransa. A 2021 wata cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka, wadda a lokacin ake kira NREL, ta ƙera fukafukai da shi, aka ɗaura su a ɗaya daga injunan Verdant Power. Suka yi kamar wata shida a ruwa, aka fito da su ba su karye ba.

To, amma wata shida ba shekara ashirin ba ce, ita ce kuwa ake bukata kafin kuɗin da aka zuba su dawo.

Ɓarnar ruwan teku a hankali take tafiya, ba a ganin ta da ido. Ruwa yana ratsa ƙaron kaɗan-kaɗan, ya sa shi ya ɗan kumbura ya yi laushi. Wannan da sauƙi, domin yawancin ƙarfin yakan dawo in an busar da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da zare ya manne da ƙaro. In ruwa ya kai nan ya raba su, to, busarwa ba ta gyara shi, kuma zaren gilashi da kansa yana rauni idan ya daɗe a jiƙe alhali yana ɗauke da nauyi. Har wa yau fiffiken yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, sau miliyoyi a shekara, sai ƙaramar tsaga ta zama ƙofar da ruwa zai ƙara shiga. Wani abin mamaki ma, gishirin ba shi ne babban mai laifi ba, don ƙaro yakan sha ruwan daɗi fiye da na gishiri.

Tun da ba mai iya jiran shekara ashirin, masana irin na cibiyar Ifremer da ke Brest a Faransa sukan tsoma ƴan gutsattsari cikin ruwan teku mai zafi, domin zafi yana hanzarta shigar ruwa. Dabarar tana da amfani, amma tana da tarko. Zafi mai yawa yana iya jawo lalacewar da ba za ta taɓa aukuwa a ruwan Sikotilan mai sanyi ba, sai a yanke wa abu mai kyau hukuncin da bai cancanta ba. Sa'an nan gutsure mai kaurin milimita biyu ko uku yana ƙoshi da ruwa cikin watanni, alhali gindin fiffike na gaske, saboda kaurinsa, yana iya cinye shekarun aikinsa duka ruwa bai kai tsakiyarsa ba. Don rage irin wannan shakka ne Jami'ar Edinbara ta buɗe wurin gwaji mai suna FastBlade a Rosyth a 2022, inda ake lanƙwasa cikakken fiffike dare da rana, a ɗora masa gajiyar shekaru cikin ƴan watanni.

Akwai kuma maganar sake sarrafawar ita kanta. Fiffiken da aka ciro daga teku zai zo da danshi, da fenti, da ƙwarin ruwa manne a jikinsa, dole a kankare shi a busar kafin a niƙa shi ko a dafa shi don tatso ƙaron. Zaren da ake samu daga nan gajere ne, ya fi dacewa da ƙananan kayayyaki, ba sabon fiffike ba.