Kada Mu Bar Tsofaffinmu Da Zaman Shiru

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, zaman gida ya sāke a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwa ya biyo magudanai ya shigo gonakin Kadawa, inda aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000. Dā can, in aka gama kaka sai a huta. Rani lokacin gyaran ɗaki ne da saƙa da hira, tsoho yana zaune a tsakiyar iyalinsa. Yanzu kuwa shinkafa na fita alkama na shiga, ga tumatir, ga albasa. Magidanci yana gona, samari suna kai kwanduna Kwanar Gafan, mata da yawa suna aikin tsinka, yara suna makaranta. Wa ya rage a gida? Tsoho da tsohuwa, daga hantsi har la'asar, ba mai ce musu sannu.

Mun gode wa Allah domin albarkar noman rani. Amma lalle ne mu duba abin da ya jawo wa iyayenmu. A nan wajenmu ba a saba kai tsoho gidan gajiyayyu ba. Masu jinyarsa su ne matar ɗansa, ko 'yarsa, ko jika, tare da ma'aikacin lafiya na ƙauye da mata masu zuwa gaisuwa. Da su muke magana yau.

Tsufa dabam, ciwo dabam

Abu na fari da mai kula da tsoho zai sani shi ne, tsufa ba cuta ba ce. Gaskiya ne ƙarfi yakan ragu, ji da gani su yi rauni, barci ya zama kaɗan. Amma hawan jini, da ciwon suga, da yanar ido, duk suna da magani. Tsofaffi da yawa sun zauna cikin duhu ana cewa "ai tsufa ne," alhali aikin yanar ido na ɗan lokaci kaɗan ne. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano yana wannan hidima tun 1943.

Haka kuma gigin tsufa. Ba kowane tsoho ne yake yinsa ba, gama ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin wanda ya fi yawa a 1906. Tsohuwar da ta manta sunan jikanta, ko ta fita da dare tana neman gidan ubanta, ba mayya ba ce, marar lafiya ce. Kada a yi mata tsawa, kada a bar yara su yi mata dariya. Amma in tsoho mai hankalinsa ya rikice farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaggauta kai shi asibiti. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, saboda haka a riƙa miƙa masa ruwa tun bai tambaya ba, musamman a watan Maris da Afrilu.

Hutun da yake cutarwa

Sau da yawa ƙauna ce take sa mu kuskure wa tsoho. Ya ɗauki tsintsiya, sai a ce, "Baba, ajiye, ka huta." Ta miƙa hannu za ta tsince shinkafa, sai a karɓe. Ashe ƙafar da ba ta tafiya takan sandare, hannun da ba ya aiki yakan mutu. Mai yawan kwanciya shi ne ya fi saurin faɗuwa ranar da ya tashi, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsoho har ƙarshen ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa wanda ya kai shekara 65 ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wannan bai fi tafiyar rabin sa'a ba, kwana biyar a mako. Zuwa bakin gona da sanyin safiya ya isa, da sanda a hannu da jika a gefe, gama bakin magudanar ruwa yana da santsi.

Yadda za a shirya masa yini

A ƙasashen da suke da gidajen kula da tsofaffi, akan ɗauki ma'aikaci musamman domin shirya musu abin yi kowace rana. Abin da yake lura da shi guda huɗu ne: jiki, da tunani, da cuɗanya da mutane, da ibada. Mu ma za mu iya, ba sai da kuɗi ba.

A fara da tambaya: me mutumin nan yake yi sa'ad da yake da ƙarfi? Manomi a ba shi zaɓen iri, ko tufkar igiya, ko lura da akuya ɗaya tasa ta kansa. Tsohuwar da ta saba saƙar faifai a kawo mata kaba. Yanka tumatir a shanya, da ɓarar gyaɗa, da tsinkar zogale, duk ana yinsu a zaune. Wanda idonsa ya tafi, bakinsa yana nan. A tara masa yara bayan cin tuwo ya yi musu tatsuniya, ya gaya musu yadda ƙasar nan take kafin zuwan ruwan Tiga. Ba littafin da ya riƙe wannan labari kamar su.

Sa'an nan a bar shi ya zaɓa. Aikin da aka tilasta wa dattijo wulakanci ne. A auna aikin da ƙarfinsa, a yi shi a lokaci ɗaya kullum, gama mai gigin tsufa yakan natsu da abin da ya saba. In igiyar ta fito a karkace, a karɓa da godiya. In ba ya iya zuwa wurin ibada, a kai shi, ko 'yan'uwa su zo su yi addu'a tare da shi. Kuma a nemi shawararsa a kan maganar gona da aure, ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Mai jinya ma mutum ne

Matar da take ɗauke da surukarta dare da rana za ta gaji, gajiya kuwa takan haifi faɗa. Maigida ya raba aikin tsakanin 'yan'uwa, maza da mata. Zumuntar mata da matasa su tsara kwanakin ziyara, domin mai jinya ta sami zuwa kasuwa ko ta ɗan runtsa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba ranar tsofaffi tun 1990, a 2018 kuma aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta Nijeriya. Waɗannan suna da kyau. Amma doka ba za ta shigo zaure ta zauna kusa da Baba ba. Gobe da safe, kafin mu ɗauki fartanya, bari mu tambayi kanmu abin da muka bar wa tsohon gidanmu ya yi, da kuma wanda zai yi hira da shi kafin mu dawo.