Kwallin Jarirai Da Amanar Kare Hankali

A Fassi da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, kamar yadda yake a ƙasar Hausa baki ɗaya, da wuya a yi suna ba a rambaɗa wa jariri kwalli ba. Kakanni da ungozomomi na yin haka da kyakkyawar niyya: a gyara ido, a ƙawata jinjiri, wasu kuma su ce sunna suke rayawa. Sai dai abin da masana suka gano game da yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa ya wajabta mana mu sake duban abin da ke cikin tandun.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ana haihuwar jariri da mafi yawansu, amma mahaɗun da ke tsakaninsu ba su kammala ba. A shekarun farko na rayuwa, sabbin mahaɗu sama da miliyan ɗaya ke ƙulluwa a kowace daƙiƙa. Ƙwayoyin nan ba sa manne da juna. Akwai ɗan siririn gibi a tsakani, kuma wasu sinadarai ne ke tsallake shi da saƙo. Su ake kira sinadaran isar da saƙo.

A wurin babba, aikinsu kai saƙo ne. A wurin jariri kuwa, su ne kuma magina. Babba daga cikinsu shi ne gulutamet. Idan ya sauka a kan wata ƙofa da ake kira NMDA a jikin ƙwayar jijiya, sai ƙofar ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya shiga, mahaɗar ta ƙara ƙarfi. Mahaɗar da ake yawan amfani da ita tana ɗorewa, wadda aka yi watsi da ita kuma a datse ta. Ta haka muryar uwa, da hasken da ido ke gani, da wasan da ake yi wa yaro ke zama hanyoyi tabbatattu a cikin kansa. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa idan aka rufe idon ɗan kyanwa ɗaya a farkon rayuwarsa, ko an buɗe daga baya ba ya gani da shi yadda ya kamata, alhali idon lafiyarsa ƙalau. Lokacin ginin ne ya wuce.

A nan dalma ke yin ɓarnarta. Jiki na ɗaukar ta kamar kalsiyam, sai ta kutsa inda kalsiyam ke shiga, ta dagula fitar sinadaran saƙo, ta kuma toshe ƙofar NMDA. Yaro na iya tashi ba wata alamar ciwo, sai an sa shi makarantar allo ko boko a ga hadda ba ta zama, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma cikin yaro na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda ya yawaita inda abinci bai wadata ba, na ƙara wannan tsotsa.

Arewa ta ga mummunar fuskar wannan guba a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ta kwalli kuwa a ɓoye take zuwa. Yawancin dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka gwada kwallin da aka kawo masa daga gida, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaro na murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma na gangarawa da ita ta hanci zuwa maƙogwaro.

Gaskiya ne hadisai sun zo da yabon kwallin ismid, amma ba kowane baƙin dutse da ke kasuwa ke shiga wannan yabo ba, kuma ido ba ya iya bambancewa. Malamai irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun lissafa kare hankali cikin lalurori biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, kuma sananniyar ƙa'ida ce a fiƙihu cewa ana kawar da cuta. Sanya wa jariri kwalli ba wajibi ba ne. Kare hankalinsa kuwa haƙƙi ne a wuyan iyaye.

Saboda haka, ya kamata a nesanta kwallin dutse daga jarirai, da masu juna biyu, domin dalma na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. A riƙa wanke hannun yara, a ba su wake, zogale, ƙwai da hanta gwargwadon hali. Wanda aka daɗe ana sa masa, a kai shi asibiti a nemi gwajin jini. Limamai da malaman Islamiyya su kai wannan bayani wurin wa'azi da tarukan suna, domin maganarsu ce kakanni suka fi saurara.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da basira, amin.